Tarihin Unguwa a Bakin Mazaunanta: Misali Daga Kudancin Kogin Kaduna

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce kunne ya girmi kaka. Abin nufi shi ne, mutum yana iya sanin abin da ya auku tun ba a haifi kakansa ba, muddin dai ya sami mai ba shi labari, shi kuma ya kasa kunne. Wannan lacca za ta dubi yadda za a yi amfani da labaran da ke bakin jama'a don adana tarihin unguwanni, kuma za ta ɗauki misalinta daga ɓangaren garin Kaduna da ke kudu da kogi, watau Maƙera da Kakuri da Barnawa da Nasarawa da Unguwar Talabijin da Narayi da Sabon Tasha da maƙwabtansu.

Dalilai biyu suka sa aka zaɓi wannan yanki. Na farko, aikin reluwe da na masaƙu ne ya tara jama'a a waɗannan unguwanni, masaƙun kuwa sun durƙushe, waɗanda suka ga buɗe su kuma suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Saurayin da ya shiga aikin masaƙa a 1957 yana ɗan shekara 20, in yana raye, yau ya doshi 90. Na biyu, tun daga rikicin 2000 mutane da yawa suka yi ƙaura, wasu daga kudu zuwa arewa, wasu daga arewa zuwa kudu, har ya zamana labarin kowace unguwa ya rabu. Wani sashe yana bakin waɗanda suka zauna, wani sashe kuma ya ƙetare gada tare da waɗanda suka tashi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ba za a sami cikakken tarihin Kakuri ko na Nasarawa ba sai an haɗa bakunan nan biyu, kuma lokacin yin haka ya kusa ƙurewa.

Wane Irin Labari Ake Nufi

Kafin a yi nisa, ya kamata a rarrabe tsakanin ire-iren zuben baka, domin kalmar labari tana da faɗi. Tatsuniya ƙagagge ce, ana buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku", kuma mai yi da mai saurare duk sun san Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa zama a wata unguwa ba. Tarihihi kuwa labarin mutanen da ne wanda aka yi ta miƙawa daga baki zuwa baki har gaskiya da ƙari suka cuɗanya, kamar labarin Bayajida da rijiyar Kusugu. Sa'an nan akwai labarin ganau, watau abin da mutum ya gani da idonsa ko ya same shi a rayuwarsa. Hausawa tun can sun bambanta ganau da jiyau, kuma sun san wanda maganarsa ta fi nauyi.

A nan ne Kaduna take da wata gata wadda tsofaffin birane ba su da ita. Mai neman asalin unguwar Dala a Kano tilas ya dogara da tarihihi da rubuce-rubucen da aka yi ɗaruruwan shekaru bayan aukuwar abin. Kaduna kuwa, a matsayinta na gari, ba ta daɗe da haura shekara 100 ba. Saboda haka mafi yawan tarihin unguwanninta yana hannun ganau, ko kuwa jiyau na farko, watau wanda ya ji daga bakin mahaifinsa.

Ɗaukar irin wannan labari a rubuce ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, daga abin da malamai suka rubuta masa da ajami, kuma a ciki akwai labarun tarihi masu yawa. Amma misalin da ya fi dacewa da wannan lacca shi ne na Baba ta Karo, wata dattijuwa da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. Rahotannin joji-joji da na En'e na wancan zamani suna magana ne a kan haraji da sarauta da iyakar gundumomi. Baba kuwa ta bayyana yadda ake aure da saki da ƙawance da riƙon 'ya'ya, da yadda mahara bayi ke faɗa wa ƙauye, duk daga cikin gida, ta idon mace. Ta rasu a 1951, watau da an yi jinkirin shekara biyu kawai da duk wannan ya bi ta kabari.

A wajen Nijeriya ma, Jan Vansina ya shimfiɗa ƙa'idojin auna labarin baka a matsayin hujjar tarihi a littafinsa na 1961. Amadu Hampate Ba na ƙasar Mali, a taron UNESCO na 1960, ya kwatanta mutuwar dattijo a Afirka da gobarar ɗakin karatu, kuma tun 1968 akwai cibiyar tattara tarihin baka a Yamai.

Yadda Kudancin Kogi ya Kafu

Kafin zuwan Turawa, Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, su ne ke noma a wannan ƙasa, a ƙananan ƙauyuka, ƙarƙashin masarautar Zazzau. Hanyar jirgin ƙasa daga Baro ta ƙetare kogin ta isa Kano a 1911. Gwamna Lugga ya ga wurin yana da ruwa da fili da hanyar jirgi, aka soma kwaso soja daga Zungeru, kuma a 1917 Kaduna ta zama hedkwatar Arewa. Gidan gwamna da ofisoshi da barikoki duk arewa da kogi aka yi su. Kudu kuwa ta sami tasha. A 1927 hanyar jirgi ta gabas, wadda ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi da Kafancan, ta zo ta haɗu da ta Ikko a nan, sai wurin ya zama mahaɗa, ma'aikatan reluwe daga kowane sashe na ƙasa suka zauna kewaye da ita.

Abin da ya sake fasalin yankin baki ɗaya shi ne masaƙa. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila aka kafa Kaduna Textiles a Kakuri, ta fara saƙa akoko a 1957. A cikin shekaru goma da suka biyo baya aka sami Nortex, da Arewa Textiles mai hannun Japanawa, da United Nigerian Textiles mai hannun 'yan kasuwar Hon Kon. Ma'aikatar ƙera makamai ta zo bayan dokar 1964, kamfanin harhaɗa motoci na Peugeot ya buɗe a 1975, matatar mai kuma a 1980. Dubban samari suka yi ta kwararowa neman aiki: Hausawa da Fulani da Nufawa, Bajju da Atyap da Ham daga kudancin lardin Zazzau, Tibi da Idoma da Igala, Yarbawa da Ibo da mutanen Edo. Aka cika gidajen haya, ɗaki da ɗaki, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Lokacin da aka sake tsarin ƙungiyoyin ƙwadago a 1978, a Kaduna ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa ta kafa hedkwatarta. Adams Oshiomhole, wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta Nijeriya daga 1999 kuma ya yi gwamnan Edo daga 2008, a Arewa Textiles ya fara aiki.

Abin da Takarda ta Riƙe da Abin da ta Bari

Duk abin da aka zayyana a sama yana nan a rubuce. Mai nema zai same shi a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko a Gidan Arewa wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970, ko a tsarin gari da Max Lock ya wallafa a 1967, ko a tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian. To amma takarda tana riƙe abin da hukuma ta damu da shi ne a lokacin. Za ta faɗi ranar da aka buɗe masaƙa da sunan wanda ya yanke ƙyalle. Ba za ta faɗi wanda ya sauki baƙon yaro daga Zonkwa a ɗakinsa har ya sami aiki ba, ko yadda masu aikin dare ke samun abinci, ko yadda ake adashi ranar albashi, ko harshen da Batibi da Banufe ke ciniki da shi a Kasuwar Litinin ta Kakuri. Waɗannan kuwa su ne tarihin unguwa.

Sunayen wurare kansu hujja ne, in an iya yi musu tambaya. Maƙera a Hausa wurin ƙira ne, saboda haka tambayar farko ita ce, su wane ne maƙeran, daga ina suka zo, kuma ina zuriyarsu? Har yau a jerin mazaɓu akwai Kakuri Gwari da Kakuri Hausa, wanda ke nuna zama biyu a gefen juna, kowanne da nasa labarin farawa. Sunan Unguwar Talabijin ba zai girme zuwan talabijin ba, gidan rediyo da talabijin na Kaduna kuwa a 1962 ya soma aiki. Ga ɗalibin harshe, Sabon Tasha ya fi su jan hankali. A daidaitacciyar Hausa tasha tamace ce, da sai a ce Sabuwar Tasha. Amma a Zazzaganci, da kuma Hausar waɗanda suka koye ta a matsayin harshe na biyu, bambancin jinsi yakan faɗi, shi ya sa kuma ake jin Unguwan Boro da Unguwan Romi. Watau sunan ya riƙe muryar waɗanda suka raɗa shi. Hatta sunan Kaduna, Hausawa suna danganta shi da jam'in kada, Gbagyi kuma suna cewa daga harshensu ya fito, kuma wajibin mai nazari ne ya rubuta bayanan biyu.

Wani lokaci labarin baka yakan wuce sha'awar ilmi ya zama maganar haƙƙi. Daga 1986, da tsarin gyaran tattalin arziki ya karya darajar naira, masaƙu suka shiga wahalar sayen kayan gyara. Ƙarancin lantarki da tsadar baƙin mai da kwararowar atamfa mai araha daga Asiya, yawancinta ta hanyar fasa-ƙwauri, suka ƙarasa su. An rufe Kaduna Textiles a 2002 ba tare da an biya ma'aikata haƙƙoƙinsu na sallama ba, sauran kuma suka bi sahu a cikin 'yan shekaru. Salihu Maiwada na Jami'ar Ahmadu Bello da Elisha Renne ta Jami'ar Michigan sun rubuta tarihin wannan faɗuwa a 2013. Daga baya Renne ta fitar da littafi mai suna Death and the Textile Industry in Nigeria, wanda ya ginu a kan jerin sunayen ma'aikatan da suka mutu suna jiran haƙƙinsu, jerin da 'yan uwansu ma'aikata suka tattara da kansu, da kuma hira da matan da suka bari. Daga bakin matan nan ne aka ji abin da rufe masaƙa ke nufi a cikin gida: kuɗin asibiti, da kuɗin haya, da yaran da aka cire daga makaranta. Babu fayil ɗin kamfani da zai faɗi haka.

Yadda Kogi ya Zama Iyaka

Kaduna ta taɓa ganin watsewar maƙwabta a 1966, sa'ad da Ibo suka bar Arewa, da yawansu ta wannan tashar jirgi, wasu kuma suka dawo bayan ƙare yaƙi a 1970. Amma abin da ya sake taswirar garin shi ne rikicin Fabrairu da Mayu na 2000 a kan batun shari'a, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta ya ci aƙalla mutum 2,000, sai na Nuwamba 2002 da ya ci wajen 250, sai kuma na bayan zaɓen Afrilu 2011. Bayan kowanne, mutane sukan sayar da gida ko su yi musaya, Musulmi su nufi Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista su nufi Sabon Tasha da Narayi da Unguwan Romi. Ba a ce rabuwar ta cika ba, don kuwa har yanzu akwai Musulmi a Maƙera da Kakuri da Nasarawa, Barnawa kuma gauraye take. Duk da haka, kogin da a da ake ƙetarewa don zuwa aiki ya koma alamar inda mutum yake jin zai kwana lafiya.

Illar wannan ga tarihi a fili take. Yaron da aka haifa a 2000 yau magidanci ne ko ya kusa, kuma bai taɓa ganin Kakuri ta zamanin masaƙa ba. Labarin da ya fi ji game da mutanen ƙetare shi ne na ranar da aka gudu, domin labarin tsoro ba ya bukatar mai adana shi, da kansa yake yawo. Labarin shekaru 40 na zaman gidan haya ɗaya, da kai wa juna abincin Salla da na Kirsimati, da yajin aikin da aka yi kafaɗa da kafaɗa, shi ne ke bukatar a je a nemo shi, tun da waɗanda suka yi zaman ba sa haɗuwa a dandali ɗaya balle su tuna wa juna. In aka bar abin haka, masu tasowa za su ɗauka cewa rabuwar nan haka aka halicci garin da ita.

Akwai shaida a Kaduna kanta cewa labarin ganau yana iya aiki. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kasance a ɓangarori biyu masu gaba a rikicin 1992, inda Wuye ya rasa hannu, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan uwa. Daga 1995 suka haɗu suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai, suna cikin waɗanda suka yi aikin yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna da shugabannin addinai suka sa wa hannu a 22 ga Agusta 2002, kuma a 2006 aka yi fim a kan rayuwarsu. Babban makaminsu shi ne su tsaya tare a gaban jama'a kowa ya ba da labarinsa ɗayan yana ji. Rikicin da ya ɓarke wata uku bayan yarjejeniyar ya nuna cewa labari shi kaɗai ba ya hana fitina. Abin da yake yi shi ne ya hana a manta cewa na ƙetare mutum ne mai suna da iyali.

Hanyar Tattarawa

Ɗalibin da zai shiga wannan aiki ya fara da gaida mai unguwa da shugabannin masallaci da na coci, ya bayyana ko shi wane ne da abin da za a yi da maganar. Amma kada ya tsaya a kansu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, saboda haka a nemi tsohon masaƙi da tsohon direban jirgi, da ungozoma, da matar da ta yi shekaru tana sayar da abinci a ƙofar masaƙa, da wanzami, da tsohon malamin firamare, da manomin Gbagyi wanda gonar mahaifinsa ta zama layin gidaje. Inda al'ada ta hana namiji shiga, mace ta je. Abu mafi muhimmanci kuma, duk wanda aka yi hira da shi a tambaye shi sunayen maƙwabtansa na da da inda suka koma, a bi su can. Hirar Kakuri wadda ba ta kai mai yin ta Tudun Wada ko Rigasa ba, ba ta ƙare ba.

Takardar tambayoyi mai gurabun cikewa ba ta dace da dattijo ba. A fara da abu mai sauƙi, alal misali, "Baba, wace shekara ka zo Kaduna, kuma wa ya sauke ka?" Sa'an nan a yi shiru a bar shi ya bi zaren maganarsa. Tsohon hoto ko katin shaidar aiki ko takardar albashi sukan buɗe abin da tambaya ba ta buɗe ba. In yana da ƙarfi, a zaga unguwa da shi a ƙafa, ya nuna inda rijiya take a da, da inda kasuwa ta fara. Hirar majalisa tana da amfani don wani yana gyara wa wani, amma akwai maganar da ba ta fita sai mutum yana shi kaɗai, don haka a yi duka biyun.

Tsofaffi ba su cika riƙe shekara da lamba ba, amma suna riƙe ta da abin da ya faru. Mai hira ya tanadi irin waɗannan turaku a ransa: kisan Sardauna a Janairu 1966, komawa tuƙi a hannun dama a 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, kisan Murtala a 1976, babban hawan daba na bikin FESTAC da aka yi a Kaduna a 1977, da ziyarar Fafaroma a 1982. In aka ce an gina gida "bayan canjin kuɗi, kafin a kashe Murtala", an sami tazarar shekara uku ke nan.

Aikin da a da sai da rikoda da kaset, yau wayar hannu tana yin sa. Abin da bai sake ba shi ne ƙa'ida. A farkon kowace ɗauka a faɗi rana da wuri da harshe. Mutum ya yi magana da harshen da ya fi sakewa da shi, ko Gbagyi ne ko Jju ko Turancin buroka, a nemi mai fassara daga baya. Wajen juyawa a takarda kuma, kada a gyara wa mai magana Hausarsa. Hausar da ma'aikata suka yi zama da ita a Kakuri, irin wadda Usman Baba Pategi ya kwaikwayi 'yar uwarta ta bariki a wasan Samanja, ita ma abin tarihi ce, kuma wanda ya mayar da ita Kananci ya goge rabin shaidar.

Matsaloli

Labarin baka yana da rauninsa. Akwai mantuwa, akwai ƙari, akwai kuma halin ɗan Adam na ɗora kansa a tsakiyar kowane al'amari. Maganin wannan shi ne gwada bakin wani da na wani, a kuma gwada su da takarda inda take. Inda suka saɓa, kada a jefar da ɗaya, a rubuta saɓanin, domin sau da yawa saɓanin kansa yana nuna abin da ke damun jama'a.

Matsala ta biyu ta fi haɗari. Tambayar wanda ya fara zama a wuri, a Kaduna, tana taɓa filaye da sarauta da takardar shaidar ɗan ƙasa. Mai tattara labari ba alƙali ba ne, kuma ya kiyaye kada wani ɓangare ya mai da aikinsa makamin shari'a. Haka nan labarin rikici. Ba a tilasta wa kowa ya faɗi abin da ba ya son tunawa. Wanda ya yarda ya faɗa, a sanar da shi cewa yana da ikon a ɓoye sunansa, ko a rufe wani sashe na maganarsa har wasu shekaru. Inda aka ambaci sunan wani da zargin kisa ko ƙone gida, ba a watsa wannan a rediyo ko a littafi. A ɗaya gefen kuma, a kowane rikici an sami waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu na wani addini a ɗakunansu, kuma waɗannan ba su cika ba da labarin ba sai an tambaya, wani lokaci don tsoron mutanensu. A tambaya.

Mayar da Labari ga Masu Shi

Kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne, a kwashi magana daga unguwa a kai jami'a, a sami digiri, masu maganar ba su sake jin ɗuriyarta ba. Wannan ɗebe murya ne daga hannun jama'a. Kowane mai ba da labari ya cancanci a ba iyalinsa kofe. Wani kofen ya zauna a makaranta ko ɗakin karatu na unguwar, na uku kuma a wuri irin Gidan Arewa, inda akwai masu sanin adanawa, domin waya takan ɓata, kwamfuta takan lalace.

Akwai abin koyi a Afirka ta Kudu. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar District Six ta birnin Cape Town a matsayin ta Turawa zalla, aka kwashe mutum fiye da 60,000, aka rushe gidajensu. A 1994 tsofaffin mazauna suka buɗe gidan tarihi a wani tsohon coci, suka shimfiɗa taswirar unguwar a daɓe, kowa ya zo ya rubuta sunan gidansu a inda yake a da. Sanadin watsewar ya bambanta da na Kaduna, amma dabarar za ta yi aiki. Taswirar Nasarawa ko ta Kakuri ta 1990, a shimfiɗe a zauren makaranta, a gayyato mazauna na yanzu da na da su cika ta tare, ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Gidajen rediyon Kaduna kuma, waɗanda ake saurare a ɓangarorin kogin biyu, suna iya ware rabin sa'a a mako ga muryoyin tsofaffin maƙwabta.

Ma'aikatan hukuma suna da nasu rabon. Tun daga 2016 jirgin Abuja a Rigasa yake tsayawa, tsohuwar mahaɗa ta rage armashi. Aikin sabunta gari da aka fara a 2019 ya faɗaɗa tituna ya sake gina kasuwanni, kuma duk inda aka rushe rumfa an tashi wata majalisa. Zai kyautu ya zama ƙa'ida cewa kafin a rushe kasuwa ko tsohon gini, a ɗauki hotonsa, a kuma ɗauki maganar waɗanda suka daɗe a wurin. Ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Cikun, waɗanda unguwannin nan ke ƙarƙashinsu, suna iya haɗa kai da sassan Hausa da na tarihi na Jami'ar Jihar Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello, a riƙa ba ɗaliban shekarar ƙarshe layi ɗaya ko kasuwa ɗaya a matsayin kundin kammala karatu.

Kammalawa

An ga cewa kudancin kogin Kaduna wuri ne da jirgi da masaƙa suka tara wa jama'a daga kowace kusurwa, cewa takardun hukuma sun riƙe ranaku da sunayen manya amma sun bar zaman yau da kullum, kuma cewa rufe masaƙu da rikice-rikicen 2000 zuwa 2011 sun warwatsa masu riƙe da wannan sani. An kuma nuna hanyar tattara shi, da haɗurran da ke ciki, da wajibcin mayar da shi ga masu shi. Abin da ya rage shi ne farawa. Ɗalibi ɗaya da waya ɗaya, in ya zauna da dattijo guda kowane mako, a shekara ya ɗauki muryoyi 50. Sharaɗin kawai shi ne ya fara da mafi tsufa, kuma in an faɗa masa sunan maƙwabcin da ya tashi, ya ƙetare gada ya je ya same shi.